Ƙasar da Aka Ɗebo a Japan Ta Hana Makanta a Afirka

Satoshi Omura mutum ne da ba ya fita ba 'yar leda a aljihu. Masanin kimiyya ne a Cibiyar Kitasato da ke Tokyo, kuma duk inda ya taka ya ga ƙasar da ta yi masa, sai ya tsuguna ya ɗebi kaɗan. Abin da yake farauta ido ba ya gani: ƙwayoyin halitta da ke rayuwa cikin ƙasa, masu fitar da sinadarai don kashe abokan takararsu.

A farkon shekarun 1970 ya ɗebo wata ƙasa kusa da filin wasan golf a Kawana, cikin lardin Shizuoka. Daga cikinta ma'aikatansa suka raini wata ƙwaya da daga baya aka sa wa suna Streptomyces avermitilis. Ya haɗa ta da wasu ya aika wa kamfanin magunguna na Merck a Amurka, wanda suka ƙulla yarjejeniya da shi a 1973. A can William Campbell da abokan aikinsa suka ba ɓerayen da ke ɗauke da tsutsar ciki abin da ƙwayar ke fitarwa. Tsutsotsin suka mutu tas. Aka tace sinadarin, aka ɗan gyara shi, sai ga ivermectin, wanda ya shiga kasuwa a 1981 a matsayin maganin tsutsar dabbobi. Kamfanin ya kwashi kuɗi ba kaɗan ba.

Da nan labarin ya tsaya, da sai makiyaya kaɗai su san shi. Amma Campbell ya lura maganin yana kashe wata tsutsar dawaki, 'yar uwar wadda ke makantar da mutane a bakin kogunan Afirka.

Duk wanda ya san ƙauyukan da makantar kogi ta mamaye ya san irin tashin hankalin. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu shi ke cizon mutum ya zuba masa tsutsar. Ta girma a cikin kulluttai ƙarƙashin fata, ta yi shekara goma ko fiye tana haifar 'ya'ya bila adadin. Su ne ke yawo a fata su haddasa ƙaiƙayin da ke hana barci, har mutum ya riƙa susa da dutse ko ɓawon masara. In suka kai ido, gani ya dushe a hankali. Magidanci da ƙarfinsa sai ya koma ƙaramin yaro ke jansa da sanda. Garuruwa sun tashi sun bar fadamu masu albarka saboda wannan masifa.

Wani likitan Merck ɗan asalin Bangladesh, Mohammed Aziz, ya gwada maganin kan majinyata a Dakar a 1981, ya kuma yi aiki. Sai dai masu bukatarsa talakawa ne futuk, ba su da abin saye. A 1987 shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya sanar cewa za su bayar da shi kyauta da sunan Mectizan, iya yawan da ake bukata, har ranar da bukatar ta ƙare. Wannan shawara, a ganina, nauyinta ya kai na gano maganin kansa.

Ƙwayar maganin tana kashe 'ya'yan tsutsar ne, ba ta kashe iyayen. Dole gari ya riƙa sha duk shekara har manyan tsutsotsin su mutu don tsufa. Shi ya sa ake ganin masu rabon maganin, 'yan garin ne da jama'a suka zaɓa, suna bi gida gida da sandar awo mai launuka: a jingina mutum, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai haɗiya.

A 2015 Omura da Campbell suka sami kyautar Nobel. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar kogi, bayan shekaru na feshin ƙuda da rabon magani. A Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, an katse yaɗuwarta a jihohi irin su Filato da Nasarawa, amma da sauran aiki. In mai sandar awo ya yi sallama a ƙofarka, ka fito da iyalanka a auna.