Soket Ya Mutu A Gida: Kashe Makunni Bai Isa Ba

A Maiduguri, in fanka ta tsaya ko rediyo ta yi shiru, ba a neman dalili, sai a ce NEPA ta ɗauke wuta, ko da yake hukumar nan ta daɗe da rushewa, kamfanin rarraba lantarki na Yola ne ke ba birnin wuta yanzu. Mutanen garin suna da hujjarsu. A watan Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka fasa turakun babban layin da ya taho daga Damaturu, birnin ya yi watanni cikin duhu. Amma sau da yawa ƙwan ɗaki yana ci, maƙwabta suna da wuta, soket guda ne ya ƙi aiki. To, a nan cutar tana cikin gida.

Abin da ya kamata maigida ya fara yi ba ya bukatar sukudireba. Ya ɗauki na'urar ya jona ta a wani soket. In can ma ta ƙi, watakila fis ɗin da ke cikin filogi ne ya ƙone, gama filogi mai ƙafa uku da Nijeriya ta gada daga Ingila yana ɗauke da fis nasa, wanda ba ya wuce amfiya 13. In kuwa soket biyu ko uku suka mutu tare, sai a duba akwatin fis na gida, da kuma makunnin da ke sauya wuta tsakanin janareta da layin gari. Soket guda kaɗai ya mutu, to laifin yana bayan murfinsa.

Makunnin soket ba wani abu ba ne illa ƙarafa biyu ƙanana da ke haɗuwa su rabu. Ƙurar hunturu takan shiga tsakaninsu. Dutsen guga da hita sukan ja wuta mai yawa, tagulla ta yi zafi ta huce, yau da gobe ƙusar da ta riƙe waya ta saki. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: warin ƙonannen roba, baƙin tabo a bakin rami, ƙara kamar ta soya mai, ko makunni ya yi laushi ya daina ƙas.

Maiduguri kuma tana da nata ƙarin dalili. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange, da Fori, da Kasuwar Monday, har fadar Shehun Borno, irin ambaliyar da ba a gani ba tun 1994. Soket kuwa a ƙasa-ƙasan bango ake kafa shi, shi ne farkon abin da ruwa ya haɗiye. Bayan bango ya bushe, da yawansu sun ci gaba da aiki, masu gida suka ɗauka an tsira. Ina! Laka ta kwanta a ciki, tsatsa tana cin ƙarfe a hankali, inda tsatsa ta kama kuwa wuta ba ta wucewa sai da zafi, zafin nan kuma shi ke haifar da gobara. Soket ɗin da ya sha ruwa ba a wanke shi, sauya shi ake yi.

Babban haɗarin dai yana wajen sauyin. Wayoyi uku ne ke shiga soket. A tsofaffin gidaje, ja ce mai wuta, baƙa ce ke mayar da ita, koriya kuma ta ƙasa ce. A sababbin wayoyi, mai ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce mai mayarwa, ta ƙasa kuma koriya ce da ratsin rawaya. Yawancin makunnan soket waya guda suke yankewa, kuma dole ta zama mai wutar. In mai gyara ya yi gaggawa ya juya biyun, komai zai yi aiki daidai: a kunna fanka ta juya, a kashe ta tsaya. Sai dai wuta mai ƙarfin bolt 230 tana nan kwance cikin na'urar, tana jiran hannun da zai taɓa. Yaron da ya ga an kashe makunni ya sa yatsa cikin mazaunin ƙwan fitilar tebur, shi ne zai zama hanyarta zuwa ƙasa. Duban ido ba ya gano wannan kuskure, sai awo, awon kuwa aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Ko shi ma ba ya yarda da tasta sai ya fara gwada ta a inda ya tabbata akwai wuta, domin ɗan haskenta yakan ɓace a ɗaki mai hasken rana.

Wanda zai kwance murfin soket, lalle ne ya kashe babban makunnin gida tukuna, ba na soket ɗin kaɗai ba. Kada kuma ya dogara da cewa an ɗauke wuta, don ba a sanarwa kafin a dawo da ita. Tun duhun 2021 gidaje da yawa a Maiduguri sun kafa faranti mai amfani da hasken rana da batura, waɗannan kuwa sukan ci gaba da ba soket wuta ko da layin gari a yanke yake. Sai an kashe su, an kashe janareta, an auna kowace waya an ga babu kome, sa'an nan a taɓa ƙusa.