Ɗakin Aro da Masu Zanen Gombe Ke Baje Kolinsu

A sauran kwanakin shekara ajin karatu ne, a wata makaranta da ke cikin garin Gombe. Idan lokacin baje koli ya zo, sai a kwashe bencina a jera a baranda, a share ƙasa, a ɗaure igiya daga taga zuwa taga, a buga ƙusa duk inda bango ya yarda. Ɗalibai masu koyon zane su ne masu masauki, amma ba su kaɗai ke cika ɗakin ba. Masu rubuta allunan shaguna sukan zo daga Jekadafari da Tudun Wada da Pantami, masu fentin manyan motoci ma haka, ga kuma dattawan mata da ke shigowa da ƙorai da faya-fayi a ƙunshe cikin zani.

Abin da ake fara ja-in-ja a kai shi ne bango. Ba a dogara da wutar lantarki, don haka wanda ya sami gefen da hasken taga ke sauka ya ci rabin kasuwa. A al'ada akan bar wa manya wannan gefen. Idan hunturu ne, aikin farko kowace safiya shi ne bin hotunan da tsumma, domin ƙura ba ta jin kunyar aikin kowa.

Wanda ya zaga ɗakin zai ga jihar gaba ɗaya a jikin bango: dawakin hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gombe, duwatsun Tula, masunta a madatsar ruwa ta Dadin Kowa, 'yar Fulani da ƙwaryar nono. Wannan na ƙarshe ya yi yawa, a ganina, kuma masu zanen sun san haka. Suna yi ne don shi masu saye suka saba nema. Wanda ya fi tsayar da mutane shi ne na wani saurayi da ya zana kwarin da zaizayar ƙasa ta haƙa a bayan unguwa. Gida ne ya tsage biyu, rabinsa ya rufta, ƙofar ɗaki tana reto a kan rami, tabarma na nan a shimfiɗe a ɓangaren da ya tsira. Da gawayi da ragowar fentin bango ya yi shi a kan akoko, saboda fentin zane na kanti ya fi ƙarfin aljihunsa. Duk ɗan Gombe ya san irin wannan kwari, shi ya sa ba a yawan magana a gabansa.

Ɗaya gefen na masu rubutu ne. Akwai waɗanda ba sa zana mai rai saboda abin da suka karanta a wurin malamansu, sai suka ba da ƙarfinsu ga rubutun Larabci da zayyana, irin adon da ake yi wa allon ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani. Ba a gardama tsakanin ɓangarorin biyu, har aron buroshi suke yi wa juna. Kuma a nan ne ciniki ya fi tafiya.

Matan ƙorai a tabarma suke zama, kusa da ƙofa. Wata takan zo da ɗan kaskon wuta don yara su ga yadda ake yi. Ta sa bakin wuƙa a garwashi har ya yi ja, ta kifa ƙwaryar a cinya, ta riƙa juya ta da hannun hagu yayin da ƙarfen ke ƙona layi, hayaƙi na tashi kaɗan-kaɗan. Ba ta fara zanawa da fensir, ba ta auna komai, amma layin da ya tashi daga baki sai ya zagayo ya haɗu da ɗan'uwansa daidai. Ɗalibai sukan durƙusa su ce "Sannu da aiki, Inna", sannan su tambayi sunan kowane zane.

Mutane da yawa ba su san inda irin wannan aiki ya kai ba. A 1986 gidan tarihin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya baje kolin ƙoran arewa maso gabashin Najeriya, har da na Tera da Waja da Fulani, aka kuma buga littafi a kansu. A 2011 wannan gidan ya sake shirya wani na fasahar kwarin Binuwai, inda tukwanen magani na mutanen Cham da maƙwabtansu suka shiga, aka kai su Washington, daga baya Paris. A can ana sa su cikin gilashi. A nan gida, ana taya ƙwaryar da ta ci kwana da kwanaki kamar kuɗin tumatir, mai ita ta ce albarka, a ƙarshe ta sallama don kada ta koma da kaya.

Masu allunan shaguna ma suna da nasu kukan. Tun da injin buga fosta ya shigo, mai shago ya daina neman mai buroshi. Abin da ke riƙe da yawancinsu yanzu shi ne hoton mutum: a turo ta waya, su zana, a kai wa ango ko wanda ya sami sarauta.

Ranar tashi ba ta da daɗi. Ana zare ƙusoshi, a naɗe hotuna, a ɗaure a bayan babur, a mayar da bencina. Yawancin aikin ƙarƙashin gado zai koma, inda gara da danshin damina ke jiransa.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta iya ginin tukwane tun a ƙauyensu; abin da ta samu a 1954, a cibiyar tukwane ta garin da yanzu ake kira Suleja, shi ne wurin aiki na dindindin da idon duniya. Gombe ta zama jiha tun 1996, tana da ƙananan hukumomi 11, kowace da irin fasaharta. Muna roƙon gwamnati da masarauta da masu hali su ware wa masu zane ɗaki ɗaya a tsakiyar gari, mai haske da makulli da mai kula, wanda ba za a ce su kwashe kayansu ranar Litinin ba.