Yaya Wayarka Ta San Abin da Ka Saya?

A da, idan mutumin Katsina yana son sayen abin da ba ya so a san ya saya, dabarar ba ta da wuya. Sai ya bar 'Yar Kutungu, inda kowane mai rumfa ya san shi ya san ubansa, ya hau mota zuwa kasuwar Caranci ko ta Jibiya, ko ya zarce Kantin Kwari a Kano. Ya biya kuɗi hannu da hannu, a ƙunshe masa kayansa a baƙar leda, ya komo gida bayan magariba. Mai kayan bai tambayi sunansa ba, kuɗin da ya biya kuwa ba su ɗauke da shaidar aljihun da suka fito.

Yau mutumin nan ba ya bukatar zuwa tasha. Yana kwance a ɗakinsa zai duba hotunan kaya a Facebook ko Instagram, ya yi ciniki ta WhatsApp, ya tura kuɗi ta banki, a aiko masa da saƙo. A ganinsa ya fi ɓuya, tun da ba wanda ya gan shi a hanya. Gaskiyar magana kuwa ita ce, a wannan ciniki guda ya bar sawu a wurare biyar ko shida, kuma sawu ne da iska ba ta share shi.

A ce wani magidanci ne a Ƙofar Ƙaura yake tara kayan lefe da kaɗan-kaɗan, bai kai ga sanar da gida ba. Ya duba atamfa da leshi, ya duba takalma da jaka da kayan shafa. Bayan kwana biyu ɗansa ya karɓi wayar don ya yi aikin makaranta, sai ga tallar rigunan mata a kowane shafi da ya buɗe. Wa ya tsegunta? Ba aljani ba ne, lissafi ne.

Yadda ake bin sawu

Duk wanda ya taɓa ajiye keke a bakin kasuwa ya san katin da ake ba shi mai lamba, wanda idan ya komo ya nuna za a gane shi. Shafukan intanet ma haka suke yi. Idan ka buɗe shafi, sai ya ajiye wani ɗan guntun rubutu mai lamba a cikin wayarka ko kwamfutarka, wanda ake kira kuki. Wani injiniya mai suna Lou Montulli, na kamfanin Netscape a Amurka, shi ya ƙirƙiro shi a 1994, kuma da kyakkyawar niyya: domin kanti ya iya tuna abin da mai saye ya zuba a kwandonsa idan ya matsa daga wannan shafi zuwa wancan. Matsalar ta taso ne da kamfanonin talla suka gane cewa su ma suna iya ba da nasu katin. Kamfanin talla guda yana iya samun ɗan gurbi a dubban shafuka. Saboda haka idan ka bar kantin atamfa ka shiga shafin labarin ƙwallo, dillalin da ya gan ka a can shi ne kuma yake zaune a nan, kuma lambar da ya ba ka tana jikinka.

Ko an goge kuki, akwai wata hanyar. Kowace waya tana sanar da shafin da ta shiga irin ƙirarta, da faɗin fuskarta, da harshen da aka saita ta a kai, da agogon ƙasar da take, da sauran irinsu. Ɗaya-ɗaya ba su nuna kowa, amma idan aka haɗa su sai su zama kamar zanen yatsa. A 2010 wani masani, Peter Eckersley, ya gwada na'urori kusan 470,000, ya tarar kimanin kashi 84 cikin 100 ba su da tagwai a cikin taron. Ban da wannan, kowace wayar Android ko iPhone tana da lambar talla ta musamman wadda manhajoji ke iya amfani da ita su haɗa abin da ka yi a nan da abin da ka yi a can.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne ba sai ka faɗi sirrinka ba kafin a san shi. A 2012 jaridar New York Times ta bayyana yadda wani babban kanti a Amurka mai suna Target ya sa masanin ƙididdigarsa, Andrew Pole, ya binciki sayayyar mata. Ya gano kaya kusan 25, irin su man shafawa marar ƙanshi da wasu ƙwayoyin ƙarin sinadarin jiki, waɗanda idan mace ta soma sayensu tare, ana iya hasashen tana da juna biyu, har a kintaci watan haihuwarta. Jaridar ta kawo labarin wani uba da ya je kantin a fusace don an aiko wa 'yarsa 'yar makaranta tallar kayan jarirai, daga baya ya ba da haƙuri, domin ashe kantin ya riga shi sani. Shekaru biyar kafin haka, a 2007, Facebook ya fito da wani tsari mai suna Beacon wanda ke sanar da abokan mutum abin da ya saya a wasu kantuna. Wani bawan Allah ya saya wa matarsa zobe don ya ba ta mamaki, sai labarin ya riga zoben isa gare ta. An kai ƙara kotu, aka rufe tsarin a 2009.

Kunnuwan da ke cikin ɗaki

A ƙasashen Turai da Amurka gidaje da yawa suna da wata 'yar lasifika mai jin magana, irin Echo ta kamfanin Amazon wadda ta fito a 2014. A kira sunanta, Alexa, a ce ta kunna fitila ko ta sayo sabulu. Tana saurare kullum domin ta ji sunan nan. Idan ta ji shi, ko ta zaci ta ji shi, sai ta naɗi abin da ya biyo baya ta aika wa manyan kwamfutocin kamfanin. A wannan zato ne ɓarna take. A Mayun 2018, a birnin Portland, wata irin wannan lasifika ta naɗi hirar miji da mata a ɗakinsu ta aika wa wani ma'aikacin mijin, saboda ta fassara wasu kalmominsu a matsayin umarni. A 2019 kuma kafar labarai ta Bloomberg ta bayyana cewa akwai dubban ma'aikata da aikinsu shi ne sauraron wani ɓangare na abin da aka naɗa don a gyara kurakuran na'urar. Ita dai wannan lasifika, idan ba a hana ta ba, takan sanar da isowar saƙo har ta ambaci sunan kayan a gaban duk wanda ke falo.

Irin wannan na'ura ba ta yawaita a Katsina ba tukuna, amma 'yan'uwanta sun riga sun shigo. Mataimakin Google da ke cikin wayar Android aiki iri ɗaya yake yi. Talabijin mai haɗuwa da intanet kuma yana iya kallon mai kallonsa: a 2017 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kama kamfanin Vizio da tattara bayanan abin da ake kallo, daƙiƙa bayan daƙiƙa, daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba, aka sa shi biyan dala miliyan 2.2.

Dalibai sukan tambaya: shin waya tana sauraron hirarmu a ɓoye ne, tun da da zarar an yi zancen abu sai a ga tallarsa? A 2018 masana a Jami'ar Northeastern sun binciki manhajojin Android fiye da 17,000, ba su sami wadda ke kunna makirufo a asirce tana aika murya ba, ko da yake sun sami wasu da ke aika hoton abin da ke fuskar waya. A ganina wannan amsa ta fi ban tsoro. Ma'anarta ita ce ba su bukatar jin muryarka. Inda kake, da wanda kuke amfani da intanet ɗin gida ɗaya da shi, da abin da abokinka ya nema jiya, sun isa.

Na'ura ba ta san dalili ba

Mu koma ga namijin da ya sayi kayan mata. Kwamfuta ta ga saye, amma ba ta ga niyya ba. Ango ne, ko ɗan kasuwa mai saro kaya, ko tela, ko ɗan wasan kwaikwayo na makaranta da aka ba shi fitowar tsohuwa, ko ɗan daudu, duk a kwando guda za ta zuba su. Sai dai abin da tonon asirin zai jawo wa kowannensu ba ɗaya ba ne. Ango zai sha ba'a, ko fushin uwargida na 'yan kwanaki. 'Yan daudu kuwa, watau mazan da ke ɗaukar salon mata a magana ko a sutura, waɗanda aka daɗe da sani a garuruwan Hausa musamman wajen sana'ar abinci, abin yana iya kai su ga kora daga gida, ko duka, ko kotu. A Agustan 2007 an kama maza 18 a Bauchi bisa zargin sa kayan mata, kuma a 2022 an gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Tarayya na neman a haramta hakan a duk faɗin ƙasa. Hukunci a kan halin wani ba aikin wannan shafi ba ne. Abin da ya shafi kimiyya shi ne, hoton talla a fuskar waya hasashe ne na lissafi, ba shaida ba ne, kuma mai neman kuɗin toshiyar baki ba ya tsayawa ya tantance ango da waninsa. Haka abin yake ga mai sayen maganin wata cuta da yake jin nauyin a sani, ko matar da ke sayen abin gwajin ciki.

A nan gida, galibin asirin da ke tonuwa ba daga Amurka yake tonuwa ba. Tun 2014 aka soma ɗaure asusun banki da lambar BVN, tun Disambar 2020 kuma aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Saboda haka duk kuɗin da aka tura suna tafiya da cikakken sunan mai su. Mai POS na bakin titi yana ganin sunan wanda aka biya. Saƙon banki yana bayyana a fuskar waya ko tana kulle, a hannun mai caji ko mai gyara. Mai sayar da kaya takan ɗora hoton rasiɗi a shafinta don ta nuna kasuwa na tafiya, ba tare da ta rufe suna ba. Direban da aka ba saƙo a tasha yana da lambarka, yaron da ya kawo kuma ya san ƙofar gida. WhatsApp yana kulle abin da aka rubuta tun 2016, ta yadda wani a tsakani ba zai iya karantawa ba, amma wannan kulli bai hana ƙanenka karantawa ba idan wayar tana hannunsa a buɗe.

Doka ta soma motsi. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin ba da rance ta waya, Soko Lending, tarar naira miliyan 10, saboda yana kwasar lambobin da ke wayar mai cin bashi yana aika musu saƙon tozarta shi. A Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba mutum ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kansa, da neman a goge, da ƙin yarda a yi masa talla da shi. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta tarayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya.

Kafin doka ta iso ƙofar gidanka, akwai abin da ke hannunka. Shafin sirri na manhajar Chrome, wanda mutane da yawa suka dogara da shi, yana hana wayar ajiye tarihin abin da aka buɗe, kuma wannan yana da amfani ƙwarai a gidan da ake aron waya. Amma bai ɓoye ka daga shafin da ka shiga ba. A 2024 Google ya amince ya share biliyoyin bayanai da ya tattara daga masu amfani da shi, bayan an yi ƙararsa. Lambar tallar Android ana iya goge ta daga wajen saiti, iPhone kuma tun 2021 tana tambaya kafin manhaja ta bi sawunka, kuma kana da ikon cewa a'a. A saita waya kada ta nuna abin da ke cikin saƙo sai an buɗe ta. Manhajar tocila ko ta wasa da ta nemi izinin ganin lambobinka ko makirufo, a hana ta. Kada a bar asusun Google na mutum ɗaya a wayarsa da talabijin ɗin falo da kwamfutar yara, domin abin da aka nema a ɗaya yakan bayyana a sauran. Abin da kuma ya kai a ɓoye shi sosai, har yanzu kuɗi a hannu a kasuwar da ba a san ka ba shi ne ba ya barin suna.

Malaman kwamfuta da ke son nuna wa aji wannan a zahiri suna iya buɗe asusun Google nasu na kansu, ba na dalibi ba, su shiga sashen da ake kira My Ad Center. A can za a ga abin da kamfanin ya kintata game da mai wayar: namiji ne ko mace, shekarunsa, yana da aure ko babu, iliminsa, da abin da yake sha'awar saye. A sa dalibai su ƙirga nawa aka dace, nawa aka kuskure, sa'an nan su yi ƙoƙarin gano wane bincike ne malam ya yi da ya sa aka zace shi hakan.