Binciken Masana Ya Yarda da Littafi Mai Tsarki a Kan Zaman Iyali?

Tambayar da za mu duba yau, matasanmu masu karatu suna yawan kawo ta: koyarwar Littafi Mai Tsarki a kan aure da renon 'ya'ya, binciken masana ya goyi bayanta ne, ko ya ƙaryata ta?

Bari mu fara da aure. A shekarar 1994 waɗansu masana biyu a Amurka, Sara McLanahan da Gary Sandefur, suka wallafa sakamakon nazarinsu a kan yaran da suka tashi a hannun uwa kaɗai ko uba kaɗai. Sun gano cewa irin waɗannan yara sun fi barin makarantar sakandare ba su gama ba, kusan ninki biyu na waɗanda suka tashi da iyayensu duka biyu. Kusan rabin wannan bambanci kuwa, rashin kuɗi ne ya jawo shi. Wannan ya yi daidai da Farawa 2:24 da Matiyu sura 19, inda aka nuna cewa Allah ya shirya aure domin ya dore.

Amma kada mu yi saurin tafi. A 1997 Paul Amato da Alan Booth, su ma a Amurka, sun bi iyalai shekara da shekaru. Inda iyaye suka rabu ba tare da wata babbar rigima ba, 'ya'yan sun sha wahala. Inda kuwa gida ya zama filin daga, kullum zagi da faɗa, 'ya'yan sun fi samun sauƙi bayan rabuwar. Ashe kwana a rufi ɗaya kaɗai bai isa ba. Manzo Bulus ma bai tsaya a kan hana saki ba. A Kolosiyawa 3:19 ya umarci maza su ƙaunaci matansu, ya kuma hana su muzguna musu. Wani masani, John Gottman, ya daɗe yana lura da yadda ma'aurata suke gardama, ya ce babu alamar mutuwar aure da ta kai raini. Mu da muka san yadda harara ɗaya take ɓata tuwon dare, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

To, ga inda maganar ta fi taɓa mu: bulala. Yawancinmu da ita aka rene mu, mukan kuma kafa hujja da Karin Magana 13:24. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000. Ba su ga shaidar cewa duka yana gyara hali ba. Abin da suka gani shi ne, yaran da aka fi duka sun fi taurin kai da faɗa da damuwar zuciya. Masu bi sun sha bamban wajen fassara wannan aya, amma mu lura da abu ɗaya. Kalmar Ibraniyanci da aka fassara da sanda a nan, ita ce kuma a Zabura 23:4, sandan makiyayi da ke kore kura, yana kuma kwantar wa tunkiya da hankali. Afisawa 6:4 kuma ta gargaɗi iyaye maza kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. A ganinmu, uban da ke dukan yaro don ya huce haushinsa ba shi da mafaka, ko a wurin masana ko a wurin Bulus.

Sai dai binciken masana yana faɗin abin da ya fi faruwa ne a cikin jama'a masu yawa, ba ya yanke wa kowane gida hukunci. Yawancinsa kuma a Amurka aka yi shi, inda gida sau da yawa miji da mata da 'ya'ya ne kawai. A wurinmu akwai kaka, akwai kawu da gwaggo. Saboda haka gwauruwar da ke jin mu yanzu, kada ta ce an gama da 'ya'yanta. Timoti daga mahaifiyarsa da kakarsa ya gaji bangaskiya, kamar yadda 2 Timoti 1:5 ta nuna. Tun da rashin kuɗi yana cikin wahalar marayu, Yakubu 1:27 ta riga ta ɗora wa ikilisiya wannan nauyi, kuma kuɗin makarantar zangon nan yana cikinsa.