Wata a Cikin Guga

Ina yaro akwai wata gajeriyar rijiya a tsakar gidan kakata, in damina ta yi albarka har kana hango ruwanta daga baki. Wani dare na leƙa, sai ga wata kwance a ciki, fari tas kamar an jefa sabon faranti. Na ruga na ɗauko guga na zura. Yana taɓa ruwa watan ya tarwatse kamar ƙwai a kasko. Na jawo gugan na ajiye, da ruwan ya lafa sai ga watan a cikinsa. Na koma rijiya, yana nan. Na ɗaga kai, ga shi a sama. Kaka tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Maigidana, ko randa ɗari ka jera, kowacce sai ta ba ka nata watan." Na girma kafin na gane cewa zuciyar mutum ma randa ce, shi ya sa mawaƙa ba su taɓa gajiya da wata ba.

Fara da haskensa. Hausawa suna cewa kayan aro ba ya ado, amma wata ya ƙaryata su, domin duk wannan farin da ake yi wa kirari da sha kallo ba nasa ba ne, na rana ne ya aro. Jikinsa kuwa launin toka ne, tokar ma irin ta gindin murhu. Abin da yake maidowa daga hasken da ya faɗa masa bai fi kashi ɗaya cikin takwas ba, kamar a auna maka tiya takwas ka dawo da guda. Sai dai wannan gudar ita ce mai daɗin. Rana tukunya ce a kan wuta, ba mai sa hannu, ba mai iya zuba mata ido. Wata kuwa ƙwarya ce da aka sheƙa kunun a ciki aka fifita, ya huce, yaro ma ya iya kurɓa. Aikin mawaƙi ke nan. Mutuwa da rabuwa da bege zafi gare su, in ka kalle su kai tsaye sai ido ya yi ruwa. Shi sai ya ɗebo, ya fifita, ya miƙo maka yadda za ka iya sha.

Sai kuma dabbare-dabbaren nan da ke fuskarsa. Bature ya duba ya ce fuskar mutum ce. Mutumin Sin ya duba ya ce zomo ne a gaban turmi yana dakan magani. Na Japan ya yarda zomo ne, amma ya ce shinkafa yake kirɓawa. Ka ga kowa abin da ke madafar gidansu ya ɗauka ya kai sama. Masanan farko da suka kafa masa madubin hangen nesa, bayan Galileyo ya buɗe hanya a 1609, su ma ba su tsira ba, tekuna suka kira wuraren, sunan da ya bi su har yau alhali ko cikin ludayi babu ruwa. Ashe narkakken dutse ne ya taso daga ciki yana tafarfasa kamar talge, ya malale cikin manyan ramuka, ya daskare ya yi baƙi. Ƙanzo ne a gindin tukunya. To wane yaro ne bai taɓa kallon ƙanzo ko tabon ruwa a bangon ɗaki ya ga doki da mahayinsa ba?

Ido ma yana da nasa ƙarin gishiri. Daren sha huɗu, lokacin da wata ke ɓullowa ta bayan kuka da rufin gidaje, za ka rantse ya kai faifai. Da ya hau tsakiya sai ya koma kamar kwabo. Miƙa hannunka ka rufe shi da kan ɗan ƙaramin yatsa, a ƙasa da a sama, za ka tarar duk ɗaya ne. Ibn Haisam, malamin Basra da ya zauna Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya riga ya faɗa cewa girman nan a cikin mai kallo yake. Mai sayar da tuwo ta san wannan ilimin ba tare da ta buɗe littafi ba: malmala ɗaya a ƙaramin kwano sai ka ce an yi maka gyara, a faffaɗan akushi kuwa sai ka fara ƙorafi. Ido ba mudu ba ne, ya dai san kima, kimar ma da abin da ke kusa yake yanke ta.

Nisansa fa? Kilomita dubu 384 ne da 'yan kai. Da akwai hanya, ka ɗaura wa jaki mangala yana cin kilomita talatin kullum, sai ya shekara talatin da biyar bai huta ba. Haske kuwa cikin daƙiƙa ɗaya da ɗoriya ya iso. Wannan nisa ne ya sa in kana tafiya da dare bishiyoyi su wuce, gari ya wuce, shi yana biye da kai kamar ɗan rakiya. Shi ya sa ɗan ci-rani a Kumasi da mahaifiyarsa a Maraɗi suke haɗa ido a wuri ɗaya ba tare da ko sisi ba. Mawaƙin Sin Li Bai, na ƙarni na takwas, ya cika waƙoƙinsa da wata da kewar gida, har mutanensa suke ba da labarin wai a kogi ya nutse garin rungumar watan da ya gani a ruwa. Ni da na zura guga ban ga wautarsa ba.

Yana da kunya kuma. Fuska ɗaya yake nuna mana kullum, kamar 'yar gaɗa da ke zagaya makaɗi ba ta juya masa baya. Sai a 1959 wani kumbon Rasha ya zagaya ya ɗauko hoton ƙeyarsa. Duk inda aka rufe ƙwarya da faifai kuwa, zuciya ce ke cika ta da abin da take so. Mu ma mun yi masa aure, muka ba shi Zara, in an yi husufi yara su fito da gwangwanaye suna roƙon rana ta sake shi.

A Yulin 1969 Amurkawa biyu suka taka shi, daga baya aka cika goma sha biyu, suka kwaso duwatsu da ƙura wajen buhu huɗu. Wasu suka ce shi ke nan, asiri ya tonu, waƙa ta ƙare. Ban yarda ba. Sanin cewa fura gero ce da nono bai taɓa rage mata gardi ba. Har gobe ranar ashirin da tara mutane suna cika bakin gari suna lalube a yamma, wani ya nuna da yatsa ya ce ga shi can kamar ɓawon farce, na kusa da shi ya ce bai gani ba, duk ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi.

Abin da ke damuna bai wuce yaran da suka tashi ƙarƙashin ƙwan lantarki da gilashin waya ba, waɗanda ake ba hoto a dafe, ba a bar musu ko ƙanzon da za su ga doki a ciki ba. In wata ya cika, kashe fitila, cika ƙwarya da ruwa ka ajiye a tsakar gida, ka kira ɗanka ya leƙa. Kada ka gaya masa abin da ke ciki. Bar shi ya gaya maka.