Idan Uwa Za Ta Shiga Tiyatar Ƙwaƙwalwa, Gida Ma Sai Ya Shirya

Duk macen da likita ya ɗaga wa hoton MRI ya nuna mata wani farin dunƙule a gefen ƙwaƙwalwarta, kafin ta tambayi sunan ciwon takan ce, "Likita, yarana fa?" Likita yana da amsar girman ƙarin, da inda ya zauna, da awa nawa aikin zai ɗauka. Amsar wannan tambaya kuwa tana hannun miji da dangi, kuma a gidaje da yawa ba a fara nemanta sai an gangara da mara lafiya ɗakin tiyata.

Bari mu ɗauki nau'in ƙarin da ya fi kai iyaye mata gaban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, wato meninjiyoma, sunan da likitan Amurka Harvey Cushing ya raɗa masa a 1922. Daga tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa yake tsirowa, sai ya riƙa danne ta a hankali yana girma. Cikin ƙarin da ke farowa a cikin ƙoƙon kai, kusan ɗaya cikin uku shi ne, mata kuma sun ninka maza wajen sau biyu a kamuwa da shi. Akasarinsa ba kansa ba ne, idan an samu cire shi gaba ɗaya mutane da dama sukan koma harkokinsu. Rashin gaggawarsa ne ke yaudara. Alamominsa sukan zo ne a hankali: ciwon kai da ya fi tsanani da asuba, amai ba dalili, gani ya fara dishi-dishi, hannu ko ƙafa ɗaya ta yi nauyi, ko babba ya yanke jiki ya faɗi da farfaɗiya alhali bai taɓa yi ba. Sai a yi ta zarya tsakanin kemis da mai maganin gargajiya, a ce hawan jini ne, a ce iska ce, watanni su shuɗe. Addu'a da ruƙiya ba su hana a ɗauki hoton kai ba, kuma duk babban da ya yi farfaɗiyar farko a rayuwarsa hoton nan ya kama shi.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan tun 1962. A Arewa akwai cibiyar da Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafawa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ana kuma yin aikin a asibitin Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Sai dai ƙwararrun ba su da yawa idan aka dubi mutum sama da miliyan 200, don haka jira ya zama dole. Wannan jira, duk da zafinsa, shi ne lokacin shirya gida.

Abin da ake yi a ɗakin tiyata a taƙaice shi ne: a aske gefen da za a yi aikin, a tsaga fata, a yanke wani yanki na ƙoƙon kai a ajiye, a cire ƙarin, a mayar da ƙashin a ɗaure shi da 'yan ƙananan ƙarafa, a ɗinke. Kafin ranar, likitan sa barci zai tambayi duk abin da mara lafiya ke sha, to a faɗa masa gaskiya har da jiƙo da tsimi da garin magani. Asfirin da wafarin da danginsu suna tsinka jini, akan dakatar da su kwanaki kafin aiki, amma da umarnin likita. Macen da ke tsarin iyali ta faɗi irin wanda take yi, mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa tun ranar farko, domin wannan ƙari yana jin sinadaran jikin mace, yakan ma ƙara girma lokacin ciki. A tanadi masu ba da jini daga dangi tun da wuri. Wanda ke da inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha irin KSCHMA a Kano, ya je ofis ya tambayi abin da ta ɗauke da wanda ba ta ɗauke ba, kada ya ji labari sai a wurin biyan kuɗi.

Sai maganar yara, wadda ita ce na fi so mu tsaya a kai. Mun saba ɓoye musu ciwo. A ce "Umma ta yi tafiya," ko "ta je ganin gida." Niyyar mai kyau ce, amma yaro ba ya rasa gane cewa wani abu ya faru. Yana ganin Gwaggo ta zo da ƙullin kayanta, yana ganin Baba na amsa waya a zaure da murya ƙasa-ƙasa, yana jin maƙwabciya na cewa "Allah dai ya tashi kafaɗunta." Abin da aka ƙi faɗa masa sai ya ƙirƙira da kansa, kuma wanda ya ƙirƙira yakan fi gaskiyar ban tsoro. Yaro ɗan shekara huɗu zuwa bakwai yana iya ɗauka cewa ƙiriniyarsa ce ta jawo, tunda ya sha jin an ce "za ka sa min ciwon kai." Wannan yana buƙatar a zaunar da shi a gaya masa ƙarara cewa ba laifinsa ba ne, kuma ciwon ba a ɗaukarsa.

Ba dogon bayani ake nema ba. Uwa ta jawo ƙaramin yaron zuwa jikinta ta ce, "Akwai wani abu da ya fito min a cikin kai, shi ke sa ni ciwo. Likita zai cire shi. Zan kwana a asibiti, Gwaggo za ta riƙa yi maka wanka ta kai ka makaranta. Idan na dawo za ka ga an aske min nan, an sa bandeji." Ya isa. Manyan, 'yan sakandare, a ba su sunan ciwon da ranar aikin, domin in ba a ba su ba za su nema a waya su ci karo da mafi munin labari. Idan yaro ya tambaya, "Umma, mutuwa za ki yi?" kada a daka masa tsawa. A ce masa rai na hannun Allah, likitocin sun saba wannan aiki, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna dawowa gida. Alkawarin da ba a da ikon cikawa kada a yi shi. Malamin aji da na Islamiyya su ma a sanar da su, don idan yaro ya fara fitsarin kwance ko faɗa ko karatu ya ja baya, kada a haɗa masa da bulala.

Rubuta wasiyya kafin babban aiki ba fatan mutuwa ba ne, Musulunci ya kwaɗaitar da shi ko da lafiya lau. A rubuta bashin da ake bi da wanda ake binka, adashin da ake ciki, inda takardun fili da na makarantar yara suke, da wanda aka yarda ya yi magana da likita idan mara lafiya ta kasa. Mata da yawa su ne ke riƙe da lissafin gida a ka: wane yaro ke shan wane magani, ranar rigakafin jariri, wanda ba ya cin wake. Duk a zube shi a takarda.

Bayan aiki akan kwana ɗaya ko fiye a ɗakin kulawa ta musamman, sannan a koma ɗakin jinya, idan komai ya tafi daidai a sallami mutum cikin mako guda ko kusa da haka. A kwana na biyu da na uku fuska takan kumbura, ido ɗaya ya rufe ya yi baƙi, musamman in ta goshi aka shiga. Wannan kumburi yana sacewa, amma ba ranar da za a kawo ƙananan yara ba ce, muryar uwa a waya ta fi musu amfani. Ɗinkin ko ƙarafan da aka maƙala wa fata akan cire su tsakanin kwana 7 zuwa 14.

A gida ne wahalar ke fitowa fili. Ɗan shekara biyu zai taho da gudu ya ɗaga hannuwa yana "Umma, goyo," ita kuwa an hana ta ɗaukar nauyi na makonni. Babu goyo, babu jan guga, babu daka, babu sunkuyon shara ko wanki, duk suna ƙara matsi a cikin kai. Abin yi shi ne ta zauna a kan tabarma ta jingina da bango, wani ya ɗora mata shi a cinya, a koya masa wane gefen kai ne ba a taɓawa. Salla ta yi a zaune ko da ishara har likita ya yarda da sujada, alwala kuma a shafa a kan bandeji, fikihu ya ba da wannan sauƙi. Azumi ma a tambayi likita, domin akwai magungunan da ba a tsallake lokacinsu.

Tabon kai yana warkewa da wuri, gashi ya tsiro ya rufe shi, daga nan mutane su yanke cewa an warke. Gajiya kuwa tana nan, takan kai watanni. Mace ta yi hira ta rabin awa sai ta ji kamar ta yini a gona. Hayaniyar yara uku da rediyo da sallamar baƙi a lokaci guda sukan rikita ta har ta fashe da kuka. Takan nemi sunan abu ta rasa, ta ɗora tukunya ta manta. Wannan ba raki ba ne, ba son jiki ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke gyara kanta. Dubiya zumunci ce mai lada, amma a nan tana buƙatar mai tsaron ƙofa. A sa wata babba da ake jin nauyinta, Inna ko Yaya, ta karɓi gaisuwa a tsakar gida, ta ce "tana barci, za ta ji." Mai son taimako ya kawo tuwon dare, ya ɗebi yara zuwa gidansa na yini ɗaya, ko ya biya kuɗin mota zuwa asibiti.

Hali ma yakan sauya, kuma wannan ne ya fi taɓa aure da yara. Deksametason, da ake bayarwa don rage kumburi, yana hana barci, ya buɗe ciki, ya ɗaga sukari, ya sa mutum ya hasala kan abin da bai kai ya kawo ba. Keppra, maganin kare farfaɗiya, shi ma an san shi da sa saurin fushi. Idan kuma aikin ya shafi gaban ƙwaƙwalwa, mai haƙuri na iya zama mai faɗa, mai kazar-kazar ta zama shiru-shiru. Miji ya san wannan tun kafin ya gani, kada ya ɗauke shi raini, kada dangi su ce an yi mata asiri. A gaya wa likita, sau da yawa canjin magani ko rage shi yana kawo sauƙi. Amma kada a yanke ko ɗaya daga cikinsu kai tsaye, yin haka na da haɗari. Yara kuma a riƙa tuna musu cewa ciwo ne ke sa Umma tsawa, son da take musu yana nan.

Duk wanda ya kai shekara goma a gidan ya kamata ya san abin yi idan farfaɗiya ta zo. A kwantar da ita ta gefe, a janye wuta da ruwa da duk abin da zai ji mata rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a danne ta, kada a ɗura mata komai. Yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwo, don haka babu dalilin gudu. Idan ta wuce minti 5 ko ta sake dawowa, asibiti. Haka nan zazzaɓi, ko ruwa garau mai zuba daga ɗinki ko hanci, ko ciwon kai mai ƙaruwa da amai, ko barcin da ake tashinta da ƙyar, ko sabon rauni a hannu ko ƙafa, ko ƙauri ɗaya ya kumbura, ko ɗaya ba ya jiran wayewar gari.

Idan uba ne aka yi wa aikin, nauyin yakan faɗo ta fuskar abinci. Mai tuƙin Keke Napep ko babur ko mai hawa gini ba zai koma ba sai likita ya sa hannu, musamman in ya taɓa farfaɗiya, kuma kunyar zama a gida takan sa maza su karya wannan doka. 'Yan'uwansa maza su ɗauke masa cefane na 'yan watanni, su faɗa masa haka tun kafin ya shiga. Ko uwa ce ko uba, akwai kuskuren da nake roƙon a guje wa: cire babbar 'ya daga makaranta ta zama mai jinya. Ta taimaka da yamma, wannan tarbiyya ce, amma jinya aikin manya ne.

Meninjiyoma yakan iya dawowa bayan shekaru, shi ya sa likita ke rubuta ranar sake ɗaukar hoto ko da mutum yana jin garau. A nan ne iyalai da dama ke sakin layi, kuɗi sun ƙare, jiki ya yi sauƙi, sai katin asibiti ya ɓace a ƙasan akwati. Maigida, ka rubuta ranar nan a inda za ka riƙa ganinta, ka fara tara kuɗin hoton tun ranar da aka sallame ku.