Faso Da Furfura: Abin Da Man Shafawa Zai Iya Da Wanda Ya Fi Ƙarfinsa

Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar da ke tasowa daga Sahara ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan lulluɓe ƙasar Kano, laimar iska kuma ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana. A Dagumawa da sauran mazaɓun Wudil ba sai an gaya wa kowa hunturu ya shigo ba. Leɓe ya tsage, ƙwauri ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka, diddige ta yi faso har mutum ya riƙa ɗingishi. A daidai wannan lokaci ne kasuwar masu magani ke buɗewa, ko a motar lasifika ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ko a saƙonnin WhatsApp da bidiyon TikTok. Sau da yawa kwalba ɗaya ce ake ɗagawa a ce tana kashe kaushi, tana sanya laushin fata, kuma tana mayar da furfura baƙa wuluk. A nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tunani, domin bushewar fata da furfura ba hanyarsu ɗaya ba. Ta farko maganinta yana cikin gidajenmu da gaske, kuma da araha. Ta biyu kuwa babu wani mai, na gida ko na waje, da aka tabbatar yana dawo da ita baƙa.

Fatar mutum tana da wani siririn rufi a samanta, na matattun ƙwayoyi da maiƙo, wanda aikinsa shi ne hana ruwan jiki fita. Busasshiyar iska tana zuƙe ruwan, ruwan zafi da sabulu mai kaifi kuma suna wanke maiƙon, shi ya sa fatar ke tsagewa. Mai ba ya zuba wa fata ruwa, toshe hanyar fitarsa yake yi. Wanda ya gane haka ya gane dalilin da ya sa lokacin shafawa ya fi tsadar man muhimmanci. A shafa shi da zarar an fito daga wanka, jiki da sauran damshi, kada a jira sai an bushe ƙarau an sa kaya. Man kaɗanya, wanda Najeriya ke kan gaba a duniya wajen samar da ƙwararsa, yana yin wannan aiki sosai. Man kwakwa ma an gwada shi a ƙasar Filifin a 2004 a kan masu busasshiyar fata, aka tarar bai gaza man kanti ba. Basilin fari, marar turare, shi ne ya fi kowanne riƙe ruwa, duk da raina shi da ake yi. Man shanun da matan Fulani ke kawowa da man alayyadi su ma suna taimakawa, muddin ba su yi ɗoyi ba. Abin mamaki shi ne man zaitun, da muke ɗauka ya fi duka daraja: wani bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 2013 ya nuna yawan shafa shi yana raunana wancan rufi na fata. Albarkarsa a abinci daban, amma ga jariri ko mai ƙaiƙayin fata gara man kaɗanya ko basilin.

Masu noman rani a fadamun kogin Wudil, da masunta, da matan da hannunsu ba ya rabuwa da wanki da wanke-wanke, su ne faso ya fi yi wa illa, domin jiƙewa da bushewa a kai a kai sun fi bushewa zalla tsaga fata. Ga irinsu, abin yi shi ne da daddare a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi na minti goma, a goge kaushin a hankali da dutse, a lafta mai da kauri, a sa safa a kwanta. Reza kuwa a bar ta, yankan kaushi da ita ƙofar ciwo ce. Sabulun salo yana da kyau a lokacin zafi, amma da toka ake yin sa, kaifinsa ya yi wa fatar hunturu yawa, sai a rage. Lemon tsami da kanwa da ake cewa a goga wa faso ba abin da suke ƙarawa sai raɗaɗi. Mai jin ɗumi a bakin wuta kuma ya tuna cewa tufar da ta sha mai tana saurin kamawa, musamman ta yara.

Furfura kuwa daga tushen gashi take, can cikin fata inda mai ba ya kaiwa. A nan ne wasu ƙwayoyi ke zuba wa kowane sili launinsa yayin da yake tsirowa. Idan shekaru suka ja, ƙwayoyin sukan ƙare, gashi ya fito fari. Abin da ya riga ya fito waje mataccen abu ne, ba ya cin abinci, ba ya shan magani. Ga baƙar fata furfura takan fara ne a tsakiyar shekaru arba'in, ta ɗan yi jinkiri a kan ta Turawa, kuma gado ne ya fi komai yanke lokacinta. Wanda mahaifinsa ya yi furfura da wuri, ruwan albasa da habbatus sauda da man darbejiya ba za su sauya masa wannan ba. Cire ta ma ba ya sa ta yawaita kamar yadda ake faɗa, sai dai yana lalata tushen, kuma dama an hana cirewar a hadisi.

Wani zai ce ai ya gani da idonsa, maƙwabcinsa ya shafa haɗin wane gemunsa ya koma baƙi cikin kwana biyu. Ba a ƙaryata idonsa ba, amma lissafi ya ƙi. Gashi yana tsawo ne da kimanin santimita ɗaya a wata, saboda haka ko da akwai maganin da ke farfaɗo da tushe, sai an yi watanni kafin a ga baƙi yana tasowa daga ƙasa. Duk abin da ya baƙanta gashi cikin sa'o'i rini ne, ko me aka rubuta a jikin kwalbar. Lalle na ainihi ja yake bayarwa, ba ya taɓa yin baƙi shi kaɗai. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis yawanci yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi, alhali ƙullin da ake sayarwa ba suna ba lamba babu wanda ya auna shi. Yana iya kumbura fuska, ya tayar da ƙuraje masu ruwa, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa ya ƙi shi ke nan har abada. A Sudan da Maroko asibitoci sun daɗe suna karɓar waɗanda suka sha shi, da gangan ko bisa kuskure, maƙogwaro ya kumbura, ƙoda ta tsaya. Ajiye irin wannan ƙulli inda yaro zai kai hannu ganganci ne. Gaskiya ne masana a Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun ruwaito a 2021 cewa wasu silin gashi sun dawo da launinsu bayan masu su sun samu sauƙin damuwa, to amma 'yan silalla ne a jikin mutane kaɗan, kuma ba mai aka shafa musu ba.

Mai son rufe furfurarsa yana da hanya mai tsafta, wadda malamanmu suka sani tun a zaure. Imam Muslim ya ruwaito cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya yi umarni a sauya launin amma a nisanci baƙi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta karhanta rini da baƙi ba tare da haramtawa ba, ta kuma halatta lalle da ganyen rini da ake kira katam. Ganyen lalle da aka daka a gida, ko a haɗa shi da baba don ya yi duhu, ya wadatar. Sai dai a kiyaye jarirai da ƙananan yara: akwai wata larurar jini ta gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Najeriya, kuma lalle a jikin yaron da ke da ita yana iya farfasa masa jini ya jawo shawara.

Akwai kuma masu cewa ai kayan gargajiya ne, in bai yi magani ba, ba zai cutar ba. Da a ce kayan gargajiyar ne zalla, da da sauƙi. Wasu daga cikin haɗaɗɗun mayukan da ake sayarwa da sunan gyaran jiki an cakuɗa man kaɗanya ne da mayukan bilicin, irin waɗanda hukumar NAFDAC ta ayyana a 2023 a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Suna sirantar da fata, su bar ta ta fi da saurin tsagewa. Illa ta biyu ita ce ɓata lokaci. Furfura kafin shekara 30 tana iya zama alamar ƙarancin bitamin B12, ko ciwon maƙoƙo, ko illar shan taba, kuma wasu daga cikin waɗannan suna da magani. Ƙaiƙayin da ya ƙi jin mai makonni yana iya fitowa daga ƙoda ko hanta. Fason mai ciwon suga yana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Tabo mai haske da ba a jin taɓawa a kansa yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkarwa kyauta idan an je da wuri.

Don haka jama'ar Dagumawa da kewaye, ku sayi man kaɗanya a hannun wadda kuka sani, ku shafa wa yara da tsofaffi safe da dare. Duk rinin da za ku sa, ku fara ɗiga kaɗan a bayan kunne ku jira kwana biyu. Wanda kuma ya ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ya bar motar lasifika ya nufi Babban Asibitin Wudil.